Wa ya fara mutuwa a cikin tankin?

Aikinmu a Jidda shi ne kula da tankunan murjani (wata halittar teku mai rai da ke kama da dutse) da kifin ruwan gishiri a gidajen mutane. Kiran tashin hankali da sassafe yake zuwa: "Malam, jiya lafiya lau muka kwana, yau na tarar da su a kife." Sau da yawa kafin ka isa maigida ya riga ya antaya magani.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne in duba wa ya mutu, wa ya tsira, kafin in taɓa kayan awo. Idan manyan kifaye ne suka tafi cikin dare, sauran na haki a saman ruwa, iska ce ta ƙare musu. Ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, ga shi da dare murjani ma shaƙa yake yi. Tanki digiri 25 zuwa 26 yake so. A zafin Jidda, a kashe na'urar sanyaya ɗaki a tafi Umra, ya isa.

In jatan lande da dodon koɗi ne suka fara, kifaye na ta yawonsu, sai in tambayi uwargida ko an fesa maganin sauro a falon, ko an zuba maganin kifi mai jan ƙarfe. Jan ƙarfe ba ya barin halittar da ba ta da ƙashin baya. In kuwa kifaye kaɗai ke mutuwa, jikinsu kamar an barbaɗa gari, cuta ce, galibi sabon kifi ne ya shigo da ita don ba a killace shi ba.

Daga nan sai awo. Amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da abin da ya ruɓe, dole ta zama sifili, gawa ɗaya da ta maƙale bayan dutse na iya ta da ita, shi ya sa nake ƙirga kifayen. Gishiri kuma kashi 35 cikin 1,000 na ruwan ake so. Wasu kan ce ai ga Bahar Maliya nan, a ɗebo mana, alhali nata ya kai wajen 40. Ruwan da ya ƙafe kuma da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa, don gishiri ba ya bin tururi.

Sauran aikin mai sauƙi ne: a kwashe gawa, a sa famfo ya motsa saman ruwa, a saka gawayin tacewa, a canza kwatan ruwan. Rigimar tana wajen shaida wa Alhaji cewa in cutar nan ce, tankinsa zai zauna ba kifi aƙalla mako shida.