Kafin ka ɗaura wa motarka winci, leƙa ƙarƙashinta tukuna

Damina ta kankama, kuma kamar kowace shekara hotuna sun fara yawo a guruf ɗinmu na masu fowil a nan Bauchi, wannan ya ɗaura sabuwar bamba ta ƙarfe, wancan ya yi odar winci, wato injin nan mai igiya da ke jawo mota in ta kafe, daga Legas, kowa na ta sa albarka. Ni ma na sa, Allah Ya sa a mora lafiya. Amma gaskiya yawancinmu abin da ya kamata ya zo ƙarshe shi muke fara saya. Winci yana ƙawata gaban Hilux ko Land Cruiser, wannan ba gardama, sai dai akasarin motocin da na ga sun kwana a daji ta wajen Alkaleri ko ƙauyukan bayan Toro ba rashin winci ne ya kwantar da su ba, ƙananan abubuwa ne da ba a kula da su ba tun a gida.

Mu fara da ita kanta ogzilarin, wato ƙaramar giyar da ke sa fowil. Mutum zai sayi mota mai fowil ya yi rani guda cur yana yawo da ita tsakanin Wunti da Yalwa da GRA a kan kwalta, bai taɓa taɓa ƙaramar giyar nan ba, sai ranar da ya kafe a fadama sannan zai tuna da ita, ya ja ta ƙi shiga, ko ya murɗa makunnin ya ga fitila na ta ƙifce-ƙifce a dashbod ba ta tsaya ba. Toyota da kansu sun rubuta a littafin motar cewa a riƙa tafiya a fowil wajen kilomita 16 duk wata domin mai ya zagaya sassan gaba, amma wa ke karanta littafi, yawancin motocinmu ma 'yan Kwatano ne ko na gwanjon ma'aikatu, littafin ya daɗe da ɓata. Idan taka irin ta da ce mai hob a tsakiyar tayoyin gaba, sai ka sauka ka murɗa su biyun zuwa kulle kafin fowil ya yi aiki. Na sha ganin direba ya sa ogzilari yana ta ba da wuta tayoyin baya na haƙa rami, na gaba kuwa ko motsi, don ba a kulle hob ba. Sannan dan Allah wannan gwajin na wata-wata a burji za a yi shi ko a ƙasa, banda kwalta. Hilux da Land Cruiser fikof ba su da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, idan ka sa fowil a busasshiyar kwalta ka sha kwana sai farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa aksul, ta ɗaure, sitiyari ya yi tauri, a hankali kana cin giya da tayoyi. Prado da manyan V8 su kullum a fowil suke, nasu lissafin daban ne, makullin tsakiya, mai kulle wannan abin raba gudun, shi ne ba a so a bari a kunne a kan titi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar ruwa a aksul, don shi ne yake kashe mota shiru ba ƙara ba hayaƙi. Kowane aksul, na gaba da na baya, yana da ɗan hancin da yake numfashi ta sama. Ka taso daga Bauchi ka yi gudun kwalta har Dindima ka sauka burji, man cikin ya yi zafi iskar ciki ta kumbura, sai ka faɗa rafi mai sanyi kai tsaye, nan take ƙarfen ya huce iskar ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta hancin nan ko ta gefen sil. Kai dai ka haye kana murna ana tafa maka. Bayan wata biyu sai ka fara jin kuka daga baya idan ka kai 80, ka ce taya ce. Kwanakin baya ina tsaye a gareji aka ɗaga wata Hilux ta wani Alhaji mai gona ta wajen Futuk, yaron makanike ya kwance notin ƙasan aksul ya tara roba, abin da ya zubo kamar shayi da madara, har da ɗan ruwa tsantsa da ya riga fitowa tunda ruwa ya fi mai nauyi. Magnetin jikin notin kuwa ya cika da garin ƙarfe. Ogan ya shafa da yatsa ya miƙa wa mai motar ya ce "Alhaji, ka ga boris ɗinka nan." Man da zai hana wannan, 80W-90 ko 85W-140, bai fi 'yan litoci ba, amma yanzu sai an sauke aksul gaba ɗaya. Maganin kuma ba wuya, idan ka iso bakin ruwa ka tsaya ka huta motar ma ta huce, ka shiga da ƙafa ka auna zurfin da sanda, in ruwan na da ƙarfin da zai ja ka toh motar ma zai iya ja. Wanda yake yawan ƙetare rafi ya sa makanike ya jona wa hancin nan siririn tiyo ya ɗago shi sama cikin bonet. In ka dawo gida a buɗe a duba launin mai, na aksul biyu da na giyabos da na tiransfa.

Sauran kuwa kowa ya sani, yi ne dai ba a yi. A wanke ƙarƙashi sosai tun laka ba ta bushe ba, musamman cikin rim da bayan birki. A ɗura giris a gaɓoɓin farfela har sai tsohon ya fito. Lagireto yana toshewa da laka da 'ya'yan ciyawa, ta baya ake fesa masa ruwa ba da ƙarfi ba. Masu gas ku riƙa tsiyaye ruwan ƙasan filta. Mai injin 1HZ, wato lita 4.2 ɗin nan da Toyota ta fito da shi a 1990, inji ne mai haƙuri ƙwarai amma bel ɗin taimin ɗinsa ba ya yafiya, in ba ka san yaushe aka canza ba ka canza kawai.

Iskar taya ma mutane ba sa yarda har sai sun gani da idonsu. Masu facinmu sun saba ɗura 40 ko 45, wanda a yashi irin na gaɓar Gongola nutsewa kawai za ka yi. Ka sauke zuwa 18 ko 20 taya ta baje, sai ka ga motar da ake ta turawa ta fita da kanta. Sharaɗin shi ne ka tafi a hankali, kada ka sha kwana da ƙarfi taya ta fice daga rim, kuma ka riƙe ɗan famfon da ake jonawa a batir don mayar da iska kafin ka hau kwalta. Wannan famfon da shebur da katako mai faɗi na ɗora jak da igiyar ja mai kyau, duka kuɗinsu bai kai na winci ɗaya ba, kuma su za ka fi amfani da su.

Toh in duk wannan ya kammala kuma kana yawan shiga daji kai kaɗai, sai a yi maganar winci. Lissafin da masu ƙera shi irin su Warn na Amurka suke bayarwa shi ne nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Hilux mai ƙofa huɗu in an loda ta tana kusantar tan 3, kenan kana buƙatar mai jan wajen tan 4 da rabi, shi ne wanda ake rubuta wa 9,500 ko 10,000 a jiki, a ma'aunin laba. Land Cruiser da kaya gara 12,000, wato kilo 5,400 da ɗoriya. Abin da mai shago ba zai gaya maka ba, wannan lambar tana aiki ne kawai lokacin da igiya ta kusa ƙarewa a gangar, layin farko. Duk layin da ya hau kan wani ƙarfi na raguwa, shi ya sa in ka ɗaura a bishiyar da ke kusa da kai sai ka ji wincin na nishi. Ka warware igiya da yawa, amma ka bar aƙalla zagaye 5 a gangar in ta ƙarfe ce, ta zare kuma fiye da haka don tana da santsi.

Sai wuta. Winci in ya ɗau kaya sosai yana iya shan amf 400 ko fiye, altanetar motocinmu kuwa da ƙyar ta wuce 100, ragowar duk daga batir yake fitowa. Ka ga kenan wanda ya ɗaura winci mai tsada a kan batirin da ko da safe sai an yi addu'a yake tashi, bai yi komai ba. Inji a kunne ake ja, a ɗan ƙara masa wuta, a ja kaɗan a huta, ka taɓa jikin injin wincin in ba ka iya barin hannunka a kai toh tsaya. Kan batir a goge a ɗaure tamau, wayar ta zama mai kauri, kada mai wayarin ya haɗa maka da abin da ya samu a akwatinsa. Haka mai walda, bambar dole ta kama shasi da manyan notina, ba a liƙa ta a jikin bodi ba.

Wani aikin ciro mota da na halarta bara a wata fadama ta wajen Duguri shi ya sa nake nanata maganar tsaro. Fikof ce ɗauke da taki ta nutse har aksul a baƙar laka, kafin mu iso rabin ƙauye ya taru, yara har suna tsallake igiyar da wani ya ɗaura a ƙwallon jan tirela na bayan wata motar. Wannan ƙwallon ba a yi shi don fizga ba, in ya karye tashi yake da gudu, ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Wani dattijo a cikinmu, tsohon direban ma'aikata ne, shi ya karɓi ragamar. Ya fara da sa a sauke buhunan, aka haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin aksul da shebur da fartanya don ciki ya daina manne da ƙasa. Ya zaɓi wata tsamiya, ya naɗa mata faffaɗan bel can ƙasa kusa da saiwa, don wayar ƙarfe tana yanke ɓawon bishiya ta kashe ta kuma bishiyar nan ta wani ce. Ya rataya fuli, wato 'yar ƙafar da igiya ke zagayawa a kanta, a jikin bel ɗin, igiyar winci ta je ta dawo ta kama ƙugiyar shasin motar, hakan yana ninka ƙarfin ja sau biyu, gudun ne dai yake raguwa rabi. Ya cire bargon da ke kujerar baya ya yafa a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala. Sannan ya juya ya ce wa mai unguwa "Ranka ya daɗe, a taimaka a janye mana yaran nan can bayan kukar, ba zan taɓa rimot ba sai sun matsa." Sai da suka matsa kuwa. Shi kaɗai ke ba da umarni, direban na ciki a giya ɗaya ta ogzilari yana taimakawa a hankali ba tare da tayoyi sun yi ta juyawa a banza ba, motar ta fito tana tsiyayar laka ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Inda babu bishiya, wanda ya zama ruwan dare a gonakin da aka share ta wajen Gombe, ko dai wata motar ta tsaya a matsayin turke an danne mata tayoyi, ko a haƙa rami mai zurfi a binne safayar taya da bel a jikinta a ja daga nan. Aiki ne mai cin rai amma yana yi. In kuma akwai tarakta a kusa, wallahi ka ajiye girman kai ka je ka yi ciniki da mai ita.

Tsakanin igiyar ƙarfe da ta zare ni na fi karkata ga ta zare saboda ba nauyi kuma in ta tsinke ba ta da mugun dukan ta ƙarfe, sai dai ranarmu da yashinmu suna cinta, dole a rufe ta kuma a riƙa wanke ta da ruwa zalla. Ta ƙarfe ta fi jure gurzar dutse irin na tsaunukan Dass ko Tula, amma tana fitar da ƙananan ƙayoyi, kada ka kuskura ka bar ta ta zame a tafin hannunka ba safar fata. Ko wacce ce, in ka dawo gida ka warware ta duka ka duba inda ta lanƙwashe ko ta fara tsinkewa, sannan ka naɗe ta layi-layi da ɗan nauyi a jiki, in ba haka ba na sama zai nutse cikin na ƙasa ya cije ranar da kake buƙata. Wincin ma a riƙa kunna shi duk wata ko da babu abin ja, don damshi kada ya cinye solonoid ɗin, wato makunnin da ke sakar masa wuta.

Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu haɗu da safe mu gwada ɗaura fuli da binne safaya a fili, a busasshiyar ƙasa inda ba wanda ya kafe. Mai zuwa ya taho da safar hannunsa da shebur, kuma a duba batir tun ranar Juma'a.