Godiyata bayan wata takwas ina jinyar baya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. A jiya Laraba likitan da ke duba ni a Asibitin Ƙashi na Dala ya sallame ni daga zuwa gashi na mako-mako, ya kuma shaida mini cewa a halin da nake ciki yanzu babu buƙatar tiyata. Na fito daga ɗakinsa da ƙafata, babu sanda, babu mai riƙe ni, na zauna a kan benci na daɗe ban iya cewa komai ba sai hamdala. Yawancinku kun bi jinyar nan tun daga farkonta, saboda haka ba zan sake jero muku wuraren da muka zaga ba, gajiya ma ba za ta bar ni ba.

Shekara 14 ke nan ina aikin akanta, a zaune gaban kwamfuta daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, a ƙarshen wata kuwa har isha'i takan same ni a kan kujera. Da ƙugu ya fara damuna, wasu suka ce basir ne, wasu suka ce sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi mini ƙaho, na kuma shafe fiye da shekara ina sayen maganin rage raɗaɗi mai suna diclofenac a kemis ba tare da takardar likita ba, har cikina ya fara zafi. Daga baya ne aka fahimtar da ni cewa yawan shan irin wannan magani yana haifar da gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Sai da aka yi hoton MRI aka ga cewa faifan da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙasan gadon bayana ne ya turo, ya danne jijiyar da ke sauka zuwa ƙafata ta hagu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata Asuba cikin hunturu. Na yi sujada ta biyu a raka'ar farko, liman ya yi kabbara, jama'a suka miƙe, ni kuwa na kasa. Wani raɗaɗi ya taso daga ƙuguna ya bi bayan cinya har zuwa babban yatsa, sannan ƙafar ta mutu gaba ɗaya. Goshina yana kan tabarma ina jin karatun liman, babu abin da ke zuwa mini sai 'ya'yana huɗu da tunanin ko ƙafar ta shanye ke nan. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan Asubar ba.

Da aka sallame, dattijon da ke gefena, wanda duk layinmu ke kira Baba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kada ka yunƙura, bari a kama ka." Washegari da na lallaɓa na zo masallaci, sai na tarar da farar kujerar roba a ƙarshen sahun farko, an goge mata ƙura. Shi ne ya ɗauko ta daga gidansa. Da ya ga ina jin nauyin zama a kai alhali shi da a shekaru ya haife ni yana tsaye, sai ya tuna mini abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Imrana bin Husaini: ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Wata biyar cur Baba yana riga ni zuwa masallaci da kujerar nan, har a ranakun ruwan sama, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa ɗaga maganar a gaban kowa ba. Na san ba zai so in ambace shi ba, amma ya gafarce ni. Baba, Allah ya saka maka da Aljanna Firdausi, ya jiƙan mahaifanka, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka fiye da yadda ka riƙe ni.

Ina godiya ga likitana, wanda tun a ranar farko ya gargaɗe ni cewa in na ga fitsari ko bayan gida suna ƙwace mini, ko tsakanin cinyoyina ya mutu, in taho asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Ina godiya ga ma'aikaciyar sashen gashi da ta koya mini yadda zan juya gefe kafin in tashi daga gado, ta hana ni yawan kwanciyar da nake zaton ita ce magani, ta sa ni tafiyar ƙafa kullum da motsa jikin da ke ƙarfafa naman ciki da na baya. Abokan aikina sun raba aikina a tsakaninsu, masinjanmu kuma ya yi ta kawo mini takardun sa hannu har gida. Allah ya biya ku duka.

Ba a saba yabon iyali a bainar jama'a ba, amma uwargidana ta wuce in yi shiru a kanta. Ita ta riƙa sa mini takalmi lokacin da ba na iya sunkuyawa, ta sayar da 'yan kunnenta ranar da kuɗin hoto ya gagara, ba ta gaya mini ba sai bayan an gama. Allah ya albarkaci rayuwarki, ya raya mana zuri'a, ya haɗa mu a Aljanna. Yayata da ta taso daga Gumel sau uku, da Inna da ba ta daina yi mini addu'a ba dare da rana, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Akwai 'yan'uwa na jini da muke gari ɗaya waɗanda har yau ban ga ƙafarsu ba, an kuma kawo mini cewa wasu sun ce mai zaman ofis ai bai san ciwon baya ba. Maganar ta yi mini zafi a lokacin, amma na yafe, Allah ya kare su daga ɗanɗana irinsa.

Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan koma aiki rabin yini, da sharaɗin in riƙa miƙewa ina ɗan takawa duk bayan rabin awa, in kuma ɗaga allon kwamfuta ya daidaita da idona. Waɗanda na baro a layin gashi, Allah ya ba su lafiya, ya sa kaffara ce. Yau da Asuba na yi sallata a tsaye, raka'a biyu cikakku, bayan an idar na ɗauki kujerar da hannuna na raka Baba da ita har ƙofar gidansa.

Wassalamu alaikum.