Saƙon Godiya Daga "Likitan Dila"

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an yi taron walimar kammala karatuna an tashi lafiya. An kwance rumfa, an mayar da kujeru, gidanmu na Tudun Wada ya koma yadda yake. Sai yau na samu natsuwar rubuta godiyar da na miƙe zan yi ranar Asabar murya ta ƙi fita, har Kawu ya karɓe lasifika ya rufa mini asiri. Shi ne kuma ya laƙaba mini suna a bainar jama'a, wai ga ɗanmu da ya yi shekara huɗu a Turai ya dawo likitan dila. Yanzu ko yaran layinmu da shi suke kirana. Na karɓa, Kawu, amma da gyara ɗaya: ba dila ba ce, yanyawa ce. Ta ƙasar Polan ja ce, ta fi tamu ta dajin Arewa girma nesa ba kusa ba. Kuma ban taɓa yi wa ko ɗaya magani ba, duk a mace suke iso ni.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Baba take. Sama da shekara 40 yana sammakon kwata. Ina ɗan firamare ya taɓa tsaga maƙoshin wata tsohuwar tunkiya ya nuna mini wasu fararen abubuwa kwance a jikin tsokar kamar an zuba shinkafa, ya ce in duba da kyau, duk mahaucin da bai san wannan ba wuƙa kawai yake riƙe da ita. Na tambaye shi mene ne, ya ce shi dai ya san a yanke a yar, sauran bayanin sai 'yan boko. Sai da na shiga karatun likitan dabbobi na san ƙwayar cuta ce mai suna Sarcocystis, kuma wancan na maƙoshin tunkiya daga kashin kyanwa yake shiga ciyawa, tunkiya ta ci. Baba, tambayar ranar ce ta kai ni inda na je. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Tunda mutane da yawa sun tare ni a wurin walimar suna cewa wai me na karanta takamaimai, bari in biya bashin nan, domin da kuɗinku da addu'arku aka yi shi.

Akwai wata tsutsa, Trichinella, wadda ɗanta ke shiga cikin tsoka ya naɗe kamar gammo ya yi zamansa, wani lokaci shekaru, yana jiran wanda zai ci naman. Tsawonsa kamar milimita 1 ne. A 1835 wani ɗalibin likita a Landan, James Paget, ya lura da ita a tsokar wata gawa, Richard Owen ya raɗa mata suna. Kafin nan masu fiɗa suna jin wani abu kamar tsakuwa yana dakushe musu wuƙa, ba su kula ba. Da na ba Baba wannan labarin dariya ya yi, ya ce ashe ko a can wuƙa ce ke fara sanin nama. Idan mutum ya ci naman da ke ɗauke da ita bai dahu ba, yakan fara da gudawa, daga baya zazzaɓi, kumburin fatar ido da ciwon tsoka mai tsanani, wani lokaci har ta taɓa zuciya.

To ina ruwan yanyawa? Ita ce ma'ajiyar wannan tsutsa a dajin Turai, saboda ba ta ƙin mushe. Idan kana son sanin abin da ke yawo a daji, ita za ka bincika. Maharba kan kawo waɗanda suka harbe domin gwajin ciwon haukan kare, mu kuma a ba mu tsokar ƙafar gaba, wurin da tsutsar ta fi taruwa a jikinta. Sai a niƙa, a zuba a ruwa mai ɗumin digiri 45 da sinadarin pepsin da asid, wato a haɗa mata tumbi na ƙarya a cikin kwalba. Naman ya narke, tsutsa ta rage. A tace, a bari ya kwanta, a duƙufa kan madubin likita ana tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Idona bai koma daidai ba har yau, tabaran da kuka gani ba na gayu ba ne.

Nan ne gizo ke saƙa. Trichinella ba iri ɗaya ba ce, ta haura iri 10, kuma a ƙarƙashin madubi yawancinsu kamar an tsaga kara. Amma halinsu ya sha bamban. Spiralis ta fi jin daɗin alade da ɓera. Nativa ta ƙasashen ƙanƙara ce, tana iya shekaru a daskararren nama ba ta mutu ba. Britovi ta namun daji masu cin nama ce, daga Turai har Arewacin Afirka, an kuma same ta a Gini, nan Afirka ta Yamma. Nelsoni tana jikin kura da zaki a Gabashin Afirka. Ido ba zai raba su ba, sai an fasa tsutsa guda an ciro DNA ɗinta, wato ƙwayar halittarta, an ninninka wani yanki da na'urar PCR, an tura shi cikin wani abu mai kama da daskararren kamu da wutar lantarki. Sai layuka su fito, kowanne a kan lambar da ke nuna tsawon yankin. Layi ɗaya a kan 173, spiralis ce. Layi ɗaya a kan 127, nativa. Layi biyu, 127 da 253, britovi ke nan, kuma ita na fi cin karo da ita, kamar yadda waɗanda suka gabace ni suka samu a yankin. Shekara huɗu na yi ina neman layukan da ba su kai tsinken sakace tsawo ba.

Wani abokin Yaya ya ce da ni, to mu da ba ma cin alade, wace riba muka ci? Tambaya ce mai kyau, kuma ban ji haushi ba. A 2004, a birnin Izmir na Turkiyya, sama da mutum 400 suka kamu bayan sun ci ɗanyen niƙaƙƙen nama da aka sayar musu a matsayin na sa, alhali an cakuɗa shi da na alade. Gwajin DNA ne ya nuna britovi ce. A Faransa da Italiya naman doki ya sha kwantar da ɗaruruwa. Sannan Kaduna ta kowa ce: muna da maƙwabta masu kiwon alade, muna da mafarauta masu shigo da naman daji. Shanya nama, ko banda shi, ko zuba masa gishiri ba sa ba da tabbacin kashe ta. Wuta ce maganinta, cikin naman ya kai digiri 71, ja ya ɓace gaba ɗaya.

Yanzu sai abin da ban taɓa faɗa a fili ba. A hunturun shekarata ta biyu, lokacin hutun ƙarshen shekara, firizar da na tara samfurina ta mutu ba wanda ya sani. Da muka dawo, tun daga matakala wari ya sanar da ni. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Kaka. Malamata, dattijuwa marar yawan magana, ta zo ta tsaya a kaina ta ce kada in zubar da komai, ai da ruɓaɓɓen mushe wannan tsutsa take yaɗuwa a daji, ba ta saurin mutuwa. Ta sa safar hannu da takunkumi, muka kwana biyar muna narkar da abin da ko ungulu sai ta yi shawara. Mun tsira da wani kaso. Amma rabin aikin da na tsara a kan Sarcocystis na tsokar yanyawa, wanda na yi wa Baba alkawari, ya tafi ke nan. Malamar ba ta jin Hausa, amma na gaya mata zan ambace ta a nan. Na gode, Malama.

Wannan asarar ta ƙara mini shekara guda, tallafin karatu kuma ba ya jiran kowa. Yaya ya sayar da filinsa na Rigasa bai gaya mini ba, sai a bakin Goggo na ji bayan na dawo. Yaya, ban san da wane baki zan gode maka ba, kuma maganar filin ba ta mutu ba, ko ka haɗe rai. Umma ta kwashe adashinta sau biyu ta turo, tana haɗawa da kuka da daddawa da yaji ta hannun duk wanda ta ji zai bi ta can. Maiɗakina ta riƙe yara biyu ita kaɗai, ta yi jinyar ƙaramin a asibiti ta ɓoye mini har sai da aka sallame su, don kada in bar gwaji in taho. Na yi faɗa a lokacin. Yau ina ba ki haƙuri a gaban kowa.

Ina godiya ga limamin masallacin layinmu, wanda na kira cikin dare ina waswasi kan taɓa mushe kullum, ya saurare ni ya kwantar mini da hankali. Ga malamaina na gida da suka rubuta mini takardun shaida. Ga Sarkin Fawa da 'yan kwata da suka turo sa guda suka kuma fede shi da kansu. Ga matan unguwa da suka kwana kan tukwane, da abokan da suka taso daga Zariya, Kafanchan da Kano, da maƙwabtanmu na Kakuri da suka zo da motarsu cike. Wanda ban ambata ba ya yafe ni, kaina ne bai gama sauka ba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Da daddare bayan an watse, Baba ya ce in nuna masa abin da na samo. Na buɗe kwamfuta na nuna masa hoton layukan nan biyu. Ya matso da fuska ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, to na tunkiyar fa? Na ce yana nan tafe in sha Allahu. Ya ce Litinin in shirya da asuba, zai ajiye mini maƙoshi a kwata.

Akwai kuloli biyu da wata jar dara da aka manta, suna wurin Umma. Mai su ya aiko.