Asabar: tsayin maza a manhajar neman aure

Ruwan da aka kwana ana yi ya cika lungunmu a Agege, don haka ban leƙa waje ba sai bayan azahar. Safiyar ta tafi a kan aikin da aka ba mu a darasin ƙididdiga: kowa ya ɗauko wata magana da ke yawo a bakin mutane ya gwada ta da lissafi. Ni na ɗauki ta ƙanwata, wai mazan da ke manhajojin neman aure duk ƙara wa kansu tsayi suke yi.

Tsarin gwajin ya kwanta mini a rai. Da kyakkyawan zato ake farawa, a ɗauka abin da mutum ya rubuta daidai yake da abin da awo zai nuna. Sai a tambaya: in da gaske haka ne, sau nawa za a ga bambanci irin wanda aka gani bisa katari kawai? In bai kai 5 cikin 100 ba, ƙa'idar da masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yaɗa, a ajiye zaton farko.

A 2010 kamfanin OkCupid, mai manhajar neman aure, ya gwama tsayin da mazansa suka rubuta da na mazan Amurka gaba ɗaya, ya ga ƙarin kusan inci 2, wato santimita 5, kuma mutane na cunkushewa a kusa da ƙafa 6. Amma na fi gamsuwa da aikin masu bincike Hancock, Toma da Ellison, waɗanda suka tara mutum 80 masu amfani da shafukan neman aure a New York suka auna su da hannu. Maza sun fi ƙara tsayi, mata sun fi rage nauyi, kuma yawancin bambancin ƙanana ne. A nan kowa da kansa aka gwama shi. A na OkCupid kuwa, wa ya tabbatar masu shiga manhajar tsayinsu ɗaya da sauran jama'a tun asali?

Da la'asar na hau danfo zuwa Idi-Araba gidan Gwaggo, inda ƙanwata take zaune. Ina faɗa mata ta tafa hannu: "Yaya, ai na ce miki!" Na ce ta yi a hankali. Lissafi yana nuna akwai bambanci a taro, bai iya leƙa zuciyar mutum ɗaya. Mutanenmu nawa ne ma suka san tsayinsu? Wani rabonsa da awo tun wani zuwa asibiti da ya daɗe, da takalmi a ƙafa. Wani santimita 173 ne ya zagaye zuwa 175. Ga shi mutum ya fi tsayi da safe, kafin dare ya ragu da kusan santimita ɗaya saboda matsuwar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Kiran bawan Allah maƙaryaci a kan wannan nauyi ne babba, balle a maganar aure.

Gwaggo ta ara mini tef ɗin ɗinkinta. Gobe zan nemi yardar ɗaliban ajinmu, kowa ya rubuta tsayinsa a takarda tukuna, sannan wani ɗan ajinmu ya auna mazan, ba takalmi ba hula, duka kafin ƙarfe goma na safe.