Tatsuniyar su ga yara: inda ake sa ƙarya da inda ba a sa ta

A tatsuniyar su, wato kamun kifi, jikin kifi kaɗai ake lafta wa ƙarya. Kifin yana iya haɗiye kwale-kwale da matuƙinsa, ba laifi. Amma kayan aiki da dokar gasa dole su zama na gaskiya, domin da su za a kama mai maguɗi.

Argungu ta fi ko'ina dacewa. Gasar kamun kifi da ake yi a can tun 1934 ƙa'idarta a fili take: a kogin Matan Fada ba mai faɗawa ruwa sai an ba da alama, kowa da homarsa da gorarsa, kuma sikeli ne alƙali. Sai ka jefa Gizo cikin masunta.

Ƙaryar hawa uku ake yi mata. Giwan ruwa na farko, ƙarti huɗu suka ciccibe shi, wannan ma yana faruwa. Na biyu ya kaɗa wutsiya, ruwa ya jiƙa shanyar mutanen Birnin Kebbi. Na uku kuwa, Ƙoƙi ta leƙa bakinsa ta tarar ana cin kasuwa a ciki, har da mai tallar fura. Idan ka fara da babbar, ka kashe dariyar, don ba sauran inda za ka hau. Bayan kowane hawa ka ɗan dakata, yaran su yi musu.

Wajen maguɗin ne ake yawan ɓata labarin. Gizo ya sayo mataccen kifi tun dare, ya ɓoye a ciyawar bakin kogi, aka shiga ruwa ya fito da shi yana haki. An taɓa yin irin haka a 2008, aka ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya. Kada ka kawo aljani ya tona asiri. Sarkin Ruwa ya isa: ya duba ido ya ga ya dushe, ya ɗaga marfin kumatu ya tarar jan nan ya koɗe, ya danna tsoka da yatsa, gurbin ya ƙi cikowa. Ka sa yaran su faɗi alamun uku da bakinsu, gobe za su gane kifin da ya kwana a kasuwa.

Hukuncin kada ya zama duka. Kyautar ta koma ga yaron da ya kama 'yar karfasarsa da hannunsa, Gizo kuma ya ɗauki kifinsa a ka zuwa gida, ƙudaje na rakiya. Duka labarin kada ya wuce minti goma, in ba haka ba ƙananan sun yi barci kafin a kai sikeli.