Maɓallin murya mai tsalle

Talata, Maradi, tsakiyar hunturu.

Aikin yau na rediyon mota ne, na wani direba mai jigila tsakanin Maradi da Ɗan Isa. In ya murɗa don ƙara murya, lambar da ke fuskar rediyon sai ta faɗo daga 12 zuwa 7, ta yi tsalle ta kai 20, wani lokacin ma yana ragewa tana ƙaruwa. Ya ce, "Malam, ko dai a sayi sabo?" Na ce, "Alhaji, bari a buɗe tukuna, ba na jin ya kai ga haka."

Kafin a taɓa sukundireba, hannu ne ke gaya wa mutum irin maɓallin da ke gabansa. Na tsofaffin rediyoyi, wanda ake kira fotansiyomita, yana da farko yana da ƙarshe, in ka murɗa za ka kai inda ya tsaya. Ciwonsa ƙarar karr-karr ce a lasifika, ko gefe ɗaya ya ɗauke. Na yanzu, enkoda, ba ya tsayawa, sai ka yi ta juya shi yana ƙas-ƙas. Shi ba ya kawo ƙara a lasifika, tsalle yake yi ko ya koma baya. Na yau enkoda ne.

Na fara da cire kan batir na baƙar waya. A kula, wasu rediyoyin da suka zo da motarsu daga masana'anta suna neman lambar sirri in wuta ta yanke musu, don haka a tambayi mai mota tun kafin a kwance. Wannan na sawa ne daga baya, mai fuskar da ake ɓallewa, babu wannan damuwar, kuma duk aikin a cikin fuskar yake, ba sai an zaro akwatin daga tablo ba.

Abubuwa biyu masu sauƙi ake fara dubawa. Hular maɓallin: a ja ta miƙe, a leƙa cikinta. Sandar da take hawa kai ko dai mai gefe ɗaya a shafe ce kamar harafin D, ko mai ƙananan haƙora. In robar ciki ta tsage, hular za ta riƙa zamewa ita kaɗai ba tare da ta juya sandar ba, kuma an sha buɗe rediyo a banza a kan wannan. Sai haƙoran da ke haɗa fuska da akwati, a goge su da auduga da ɗan alkol. Duka biyun lafiya lau suke yau.

Da na kwance ƙananan sukurori na bayan fuskar na ɗaga allon da aka dasa kayan lantarkin a kai, sai ga dalili a fili: gindin sandar ya yi danƙo, baƙi ƙirin. An taɓa fesa masa man da ake sassauta noti mai tsatsa da shi. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai ƙwarai. Ranar da aka fesa abin yakan yi kamar ya warke, amma man ba ya bushewa, kuma a garin nan da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ga mota na bin hanya gilashi a sauke, cikin ɗan lokaci ya zama taɓo. Fetur da feshin wanke kabireta sun fi haka muni, don suna iya cinye roba.

Ga yadda abin yake aiki, don wanda ya gane shi ba zai sake yin feshi daga waje ba. Enkoda na da ƙafa uku a gefe guda: A, ta tsakiya, da B. Biyun da ke ɗaya gefen na dannawa ne, masu kunnawa ko kashe murya. A ciki akwai ɗan faifai mai tsaga-tsagar ƙarfe, da 'yan yatsu sirara masu gogarsa. Ana juyawa, A da B suna taɓa ta tsakiya bi da bi, ƙwaƙwalwar rediyon kuma tana kallon wadda ta riga taɓawa. In A ce ta riga, hanya ɗaya kenan, in B ce, ɗaya hanyar. To in datti ya hana yatsa ɗaya taɓawa a kan lokaci, ko ya sa shi rawa yana taɓawa yana saki, sai lissafin ya rikice, ta ɗauki ƙari a matsayin ragi. Mitar gwaji, mai yin ƙara in ƙafa biyu sun haɗu, ta tabbatar da haka: tsakanin A da ta tsakiya ƙarar na fita tsaf ana juyawa a hankali, tsakanin B da ta tsakiya kuwa tana yankewa.

Na narka dalmar ƙafafun biyar da kunnuwa biyu masu riƙe jikinsa, ƙarfen dalma a kan zafi kusan digiri 350, ina zuƙe dalmar da famfo. Nan ne wurin haƙuri. Allon mai fuska biyu ne, in aka fizge kafin ramin ya kuɓuta za a taho da zoben tagullar da ke ciki, ƙaramin gyara ya zama babba. In dalma ta ƙi narkewa, a ƙara mata sabuwa kaɗan, sai ta saki.

Kunnuwa huɗu na ƙarfe ne suka rungume enkodar. A miƙe su da bakin ƙaramar wuƙa, kaɗan kawai, domin ba sa jure lanƙwasa da yawa kafin su karye. A buɗe a kan farin ƙyalle, a lura da yadda kowane abu ya kwanta, musamman ɗan sifirin mai ba da ƙas-ƙas, yana da saurin tashi ya ɓace. Na wanke faifan da alkol mai ƙarfi, irin na isofurofil, har audugar ta daina fitowa da baƙi. Yatsun kuma na bi su ta tsawonsu, ba a gicciye ba, sannan na ɗan ɗaga su da hantsaki, abin da bai kai rabin milimita ba, don matsinsu ya dawo. Kada a sa takardar yashi, tana kankare rufin ƙarfen ne, tsatsa ta samu ƙofa. Ɗigon giris na silikon a kan sifirin da jikin sandar, iyakarsa kenan.

Da faifan ya cinye har roba ta bayyana, da sai canji. A nan ma akwai tarko. Yawancinsu irin mai faɗin milimita 11 ko 12 ne, kuma ana samun su a jikin matattun rediyoyi wurin masu gyara, amma kamannin waje bai isa ba. A gwada tsawon sanda, a duba ko yana da dannawa, a kuma ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa a zagaye guda. Akwai mai 20, akwai mai 24, akwai mai 30, in aka sa wanda bai dace ba murya na iya tafiya biyu-biyu, ko sai an murɗa sau biyu ta motsa. Shi kuwa fotansiyomita, a karanta rubutun jikinsa, 10K ne ko 50K, da harafin da ke tare da shi. A kayan Japan, A shi ne na murya. In aka sa B, ana ɗan taɓawa ƙara ta cika mota.

Bayan la'asar na mayar da komai, na haɗa batir, na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya sama da ƙasa, a hankali sannan da sauri, babu wadda ta tsallake.

Sai dai wurin gwaji na lura rediyon ba ya mutuwa in an zare makulli. Na zaro akwatin na duba baya: wanda ya haɗa shi ya murɗe jar waya da rawaya wuri guda ya ba su wutar batir kai tsaye. Rawayar ce kaɗai ya kamata ta zauna da wuta kullum, don riƙe agogo da tashoshi, jar kuma ta bi makulli. In an bar su haka, direba ya manta rediyo a kunne, batir ne zai kwana yana zuba. Na raba su, na nemo wayar makulli da fitilar gwaji, na yi dalma na naɗe da tef, na duba fiyus ɗin baya mai amfiya 10, sannan yaron shago ya saita agogo da tashoshin da suka goge.