Kafin ka ce a formate ta

Jiya da la'asar, a wani shago kusa da kasuwar Katako a nan Yamai, na tarar da wani yaro ya tasa kwamfutar tebur a gaba, kile ɗin Windows a hannu, wato ɗan makullin USB da ake formate da shi, a share diski a sake zuba Windows. Mai ita ya ce lafiya lau take, sake tayar da ita kawai ya yi ta ƙi dawowa. Na ce, "Ƙanina, me ka duba?" Ya ce, "Patron, Windows ce ta mutu." Allo baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani bai fito ba. To ta wace ƙofa kile zai shiga?

Ban iya yi masa faɗa sosai ba, don na yi abin da ya fi nasa. Na taɓa share diskin wani mai buga takardu, aikin shekaru, saboda Windows tana soma tashi sai allo ya yi shuɗi. Sai da na gama na lura agogon injin ya koma shekarun baya. Batirin nan mai kamar kwabo da ke kan babban faranti, inda kayan cikin kwamfuta duk suke haɗuwa, CR2032 mai bolt 3, shi ne ya mutu. Da aka ɗauke wuta, BIOS, manhajar da ke tayar da injin kafin Windows, ta mance saitinta, tsarin da injin ke magana da diski (SATA) ya sauka daga wanda yake kai (AHCI) ya koma wani, Windows ta kasa gane diskinta. Gyaran minti biyar ne. Amma fa mutumin yana tsaye a kaina, gobe zai kai aiki, kuma ai injin ya tashi, ko ba haka ba? Bai ajiye kwafi ko ɗaya ba, wannan ba ni na sa shi ba. Duk da haka hannuna ne ya danna. Ban ko ciro diskin na jona a wata kwamfuta na kwashe masa fayilolinsa ba, abin da ba ya buƙatar wani ilimi.

Akwai kuma wadda na sa aka sayo mata sabon faranti, ashe ƙurar hunturu ce ta shiga ramin RAM, ƙwaƙwalwar aikin injin. Da ta ukun, gwanjon Amurka, da na jona ban dubi ɗan jan makunnin bayan akwatin wuta, mai raba wa injin wuta, ba. Yana kan bolt 115, wutarmu kuwa 220. Ƙara ɗaya, sai hayaƙi. Wanda ya sayo ta ya kamata ya faɗa mini, amma ido nawa ne.

Na so in jero maka shawara goma, amma ku yaran yanzu ba ku karanta abin da ya wuce tsawon saƙon WhatsApp. Ga abin da ya samu.

Dubi inda ta tsaya. In babu fitila, fanka ba ta juyi, maganar wuta ce: sauya waya, tsallake ondiler, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ka jona kai tsaye a bango. Cire wayar, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, mayar. A soket mai fil 24 na akwatin wuta, bayan ka zare shi daga faranti, haɗa koriyar waya da baƙa, in akwatin na da rai fanka za ta juya. Rawaya ta ba ka bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. In 12 ta sauka ƙasa da 11.4, sauya akwatin. Da yawa daga Dell da HP na ofis suna da nasu irin soket, kada ka tsokane su da wannan dabara. Akwatin kansa kada ka kwance shi, yana riƙe wuta ko an cire waya.

In fanka na juyi allo baƙi, Windows ba ta da laifi, ba a ma iso wurinta ba. Duba ko wayar allo tana ramin katin hoto, ba na faranti ba. Zare waya, taɓa ƙarfen jikin kwamfutar, ciro RAM, goge haƙoranta da magogin fensir, hure ramin, mayar da guda ɗaya har maƙallan su ce ƙas. Saurari kukan da take yi. Ma'anarsa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

In tambari ya fito ta tsaya, cire duk abin da ke ramin USB, shiga BIOS da F2, Del ko F10, ka ga ko diski na nan, ko shi ne farko, ko kwanan wata daidai ne. Diskin da ke ƙyas-ƙyas, kashe injin nan take.

Kada ka yi saurin buɗe murfi. A'a, buɗe shi, wanda ke tsoron sukurudireba ba zai koyi komai ba. Diskin mutane dai ka ƙyale shi sai ka kwafe.

Ta yaron nan RAM ce. Da na mayar ta yi kuka ɗaya, tambari ya fito. Na waiga in nuna masa ramin, yana can yana latsa waya, kile ɗin har yanzu a ɗayan hannun.